Kan da Askata Ba Ta Hau Ba

Daga ubanka a Kusada, zuwa ga Isma'ila, wanda uwarsa ke kira Kyauta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa. Allah Ya sa ka sauka Kano lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na baƙon wuri, Ya haɗa ka da maƙwabta na kirki, Ya sa aikin nan da ka samu ya zama rufin asiri gare ka. Labarin gida ba zan ba ka ba, kwana nawa ma ka yi da fita. Yayarka ce ke riƙe da biro, ni ke faɗa, don ka san hannun ubanka aska kaɗai ya sani. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mani baki. Ta ce in kira ka a waya ya fi sauƙi, na ƙi. Waya, in magana ta yi maka zafi sai ka ce sabis ya ɗauke. Takarda kau ko ka ninke ta ka tura ƙarƙashin katifa, tana nan tana jiranka.

Shekarar da aka raba mu da Kaduna aka ce Katsina ta zama jihar kanta, lokacin garin nan yana ƙarƙashin Kankiya, yayarka tana goye, rarrafe kawai ta fara. A wannan shekara uwarku, Allah Ya jiƙanta, ta samu ciki a kan goyo. Shi ne abin da mu nan muke ce ma rurrutsa, can inda kake za ka ji suna cewa kwanika. Ka ga ke nan abin da ya same ku ba a kanku aka fara ba.

Na ce ya same ku don na sani. Matarka Sa'adatu ta zo wurin yayarka tana kuka, ta ce tana da ƙaramin ciki ga Ummi ba a yaye ta ba, ta ce kai kau ka ce in ka dawo ranar Asabar ka kwashe su zuwa Kano, akwai inda za ka kai ta a wanke. Kada ka yi mata faɗa don ta faɗa. Yarinyar da ta rasa inda za ta kai kukanta ta kawo shi gidan mijinta, ba ta tona maka asiri ba, rufa maka ta yi. Da gidansu ta nufa, da yanzu wata maganar ake.

Na san hujjojinka, ba sai ka kawo su ba. Ɗaki ɗaya ne ka kama, albashin bai taka kara ya karya ba, Ummi tana shan nono, kuma abokanka 'yan boko za su ce kana tara 'ya'ya kamar ɗan ƙauye. Ban raina ko ɗaya ba. Ni dai zan gaya maka abin da na yi da nawa, sai ka auna.

Ka san sana'ata. Duk jaririn da aka haifa tun daga nan har ƙauyukan wajen Kunduru, ni ke aske mashi kai ranar suna. Shi ya sa har yau in ana gardamar wane ya girmi wane, ko wace shekara aka haifi wance, ni ake aikowa a tambaya. To, a lokacin ƙuruciya wannan sani ya sa mani girman kai da tsokana. Ni ne mai ƙirga ma mutane watanni. In na yi aski a gidan mutum bara, bana aka sake kirana, sai in jira ranar kasuwa ya zauna gabana na jiƙa mashi kai, ba shi da damar tashi, in ce, "Malam wane, zabirata ba ta gama hutawa daga gidanka ba ka sake kiranta." Mutane su kwashe da dariya, shi kau ya yi ta murmushin dole da aska a ƙeyarsa. Na yi ma maza da yawa haka.

Uwarku ta ɓoye cikin nan har ya fara fitowa, don ta san mijin da take aure. Mata suka gane a wajen rijiya, daga bakin mata ya kai kunnen maza. Ranar wata kasuwa ina tsugune a gindin bishiya ina wasa aska, sai Ɗanladi mahauci, wanda ni ma na taɓa yi ma irin wannan, ya tsaya kaina da jama'a cike.

Ya ce, "Wanzam, an ce gonarka ba ta san rani ba."

Na ce, "Wace gonar?"

Ya ce, "Ta cikin gida mana. Ba a ɗaure na bara ba ka sake shuka. To wa zai ƙirga maka naka watannin, ko mu taimaka?"

Aka yi dariya har da masu buga cinya. Na naɗe tabarma tun la'asar ba ta yi ba, na koma gida zuciyata na tafasa. Wallahi Isma'ila, ba yunwa ce ta kore ni daga kasuwa ran nan ba, rumbuna cike yake. Dariya ce. Wannan shi ne kuskurena na farko, na ɗauki dariyar mahauci na sa a sikeli ɗaya da ran ɗana, kuma dariyar ta rinjaya.

Ka duba abin da bakin nan ya zama daga baya. Bayan abin ya faru uwarku ta yi shekaru ba ta ko yi ɓatan wata ba. Ɗanladin nan dai, a gindin bishiyar nan dai, shi ne ya ce mani, "Wanzam, gonar ta gaji ne? Kana aske 'ya'yan mutane, kai ɗiya ɗaya tal." Aka sake dariya, da yawansu ma waɗanda suka yi ta farko ne. Don haka ina yi maka wasiyya, kada ka yanke hukunci a cikin gidanka don abin da za a faɗa a majalisa ko a ofis. Masu dariyar nan ba su tuna abin da suka faɗa in an kwana biyu. Kai ne za ka riƙe shi har tsufa.

Da na isa gida ban ce mata an yi mani dariya ba. Namiji bai faɗin haka. Sai na nemi abin fakewa, kuma na same shi a kusa. A wancan zamani kowa ya yarda nonon mai ciki dafi ne ga goyo, yaro zai yi ta zawo ya lalace har ya mutu. Na ce mata, "Kina so ki kashe wadda muke gani saboda wanda ba mu gani ba?" Ka san mu wanzamai muna da sanin sassaƙe da saiwoyi. Akwai wani haɗi da na gada, ba zan faɗi sunansa ba, ya mutu tare da ni. Da safe na jiƙa shi a ƙwarya, hantsi na yi na kai mata har ɗaki.

Ta dubi ƙwaryar ta ce, "Malam, ya fa fara motsi."

Na ce, "Iska ce."

Ta ce, "Iska ba ta shuri wuri ɗaya. Kawo hannunka ka ji."

Na maida hannuna baya. Na ce, "Gudan jini ne kawai, wanke shi za a yi. Sha."

Ta ce, "A bar ni in yaye yarinyar, in kai ta wurin Inna. Akwai akuya."

Na ce, "Ni ne mijinki ko ke ce mijina?"

Ta ɗaga ƙwaryar ta sha tana kallona.

A nan yayarka ta ajiye biro. Ba ta taɓa jin wannan labari ba, yau ta fara ji, da shekarunta da 'ya'yanta da ɗalibanta na Islamiyya. Ta ce, "Baba, ashe saboda ni ne?" Na ce mata, kuma na sa ta rubuta don kai ma ka ji, ba saboda ita ba ne, saboda ni ne, da sunanta kawai na fake. Na faɗi haka don na ji an ce kai ma kana cewa tausayin Ummi kake. Kada ka ɗora ma yarinya 'yar wata takwas wannan kaya. Wata rana za ta girma ta ji, kamar yadda yayarka ta ji yau, kuma na ga fuskar da ake yi in an ji.

Maganar nonon ma, daga baya na ga 'yan rurrutsa da yayyensu ba iyaka, na aske su, na yi masu kaciya, na ci tuwon aurensu. Wanda aka kula da cinsa ya rayu. Abin da ke kashe goyo rashin kula ne da rashin abinci, kuma waɗannan aikin uba ne.

Kuskurena na biyu yana cikin abin da na faɗa maka yanzu. Ta ce in kawo hannu, na ƙi. Na san in na taɓa na ji, ba zan iya ba, shi ya sa na ƙi. Ita ce ke ɗauke da shi, ta fi ni sanin abin da ke ciki, ta kuma kawo mafita da bakinta, amma na mayar da maganar ta zama ta wa ke da iko. Isma'ila, iko da Allah Ya ba miji na ciyarwa ne da tsarewa. Bai ba mu ikon sa mace ta kashe abin da ke cikinta ba. Matarka ba ta so. In kana ganin tana so, ka tambayi kanka mi ya kai ta ɗakin yayarka tana kuka. Kuma cikin nan ba ita kaɗai ta yi shi ba, amma ita kaɗai za a kwantar a kan gadon.

Kafin azahar ciwo ya kama ta. Kafin la'asar abin ya fita. Babu ungozoma, don ban yarda a kira kowa ba, ni kaɗai ne a kanta. Ni na ɗauke shi da hannun nan da na hana ya taɓa shi yana da rai. Na ce maka na kira shi gudan jini. To bai kai tsawon tafin hannuna da yatsu ba, amma namiji ne, ba sai an gaya mani ba. Yana da kunnuwa. Yana da yatsu, na ƙirga su, sun cika. Kansa kamar ƙwan zabo, sumul, ba gashi ko ɗaya. Ni da na riƙe kawunan jarirai fiye da kowa a ƙasar nan, na san kai in na gan shi.

Shi ya sa kalmar nan ta wanki ta tsaya mani a wuya da na ji an ce ka faɗe ta. Ni ma ita na faɗa. Wanki na riga ne da kwano, abin da ya yi datti. Mutum in zai yi abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba, sai ya fara canza mashi suna. Ka kira abin da sunansa, ka ce zan kai matata a cire ɗana ko ɗiyata, ka faɗa da ƙarfi kai kaɗai a ɗakin nan da ka kama. In bakinka ya iya, to.

Za ka ce naku bai kai nan ba, wata biyu ne ko uku, bai yi motsi ba. Wanda na ɗauka ran nan shi ma ya taɓa zama ɗan wata biyu. Kai ma haka, ni ma haka. Ba wanda ya tsallake wannan mataki ya faɗo duniya da haƙora. Kai ɗan manomi ne ko da ka yi boko. In mutum ya shiga gonarka kwana kaɗan da shuka ya tone irin, wani kuma ya jira gero ya yi kai ya sare, wanne ne bai ɓata maka gona ba? Na san za ka samu wanda zai ce maka akwai malaman da suka yi sauƙi kafin kwana kaza. Ni ba malami ba ne, ba zan yi jayayya da littafi ba. Malamanmu na nan dai, waɗanda suka yi maka huɗuba a kunne, sun ce tun da ya zauna a mahaifa ba a taɓa shi, kuma Allah Ya hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci, Ya ce Shi ke ciyar da su da mu. Inda kawai na ji sun buɗe ƙofa shi ne in likita mai tsoron Allah ya duba ya ce ran uwar na cikin haɗari. Sa'adatu lafiyarta lau, jiya ma ita ta yi mani surfe. Ƙuncin ɗaki ba ciwo ba ne.

Uwarku jini ya ƙi tsayawa. Na ɗora ta a amalanken shanu har bakin titi, muka samu mota zuwa asibitin Kankiya. Wata ma'aikaciya, babbar mace, ta fito ta same ni a baranda.

Ta ce, "Me aka ba ta?"

Na ce, "Ban sani ba."

Ta dubi kafaɗata. Ashe cikin ruɗewa na rataya zabira, hannu ya saba. Ta ce, "Malam wanzami, in ka faɗa mani za mu san abin da za mu yi. In ka ɓoye, kai za ka ɗauke ta a amalanken nan ka mayar, a rufe."

Na faɗa. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Allah Ya sa da sauran kwanan uwarku, ta tashi. Amma ka sani, ran nan saura kaɗan in binne biyu, in bar yayarka marainiya, ita da na ce ina karewa. Kada ka ce yanzu zamani ya ci gaba, da allura ake yi ko ƙwaya. Ina zuwa jana'iza, ina jin abin da mata ke raɗawa a bayan zaure.

Shi kau na naɗe shi a farin ƙyalle na kai gonarmu ta hanyar Kunduru. Ka tuna kusurwar nan ta gabas, wajen tsamiya, inda ba mu taɓa sa garma ba? Kana yaro ka tambaye ni dalili, na ce maka dutse ne a ƙasa. Ba dutse ba ne. Yayanka ne.

Kuskure na uku shi ne na zaci in an rufe rami magana ta ƙare. Ba mu sake tayar da zancen ba, ni da ita. Na ɗauka ta manta. Sai da shekaru suka wuce, lokacin sanyi ya zo, aka tara yaran unguwa da suka isa kaciya a zaurena kamar yadda aka saba, ita ke dafa masu abinci har su warke. Waɗannan kau su ne aka haifa a daminar da ya kamata a haife shi. Ta leƙo tana raba masu kunu, ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Saura ɗaya."

Na ce, "Duka sun zo, ni na ƙirga."

Ta ce, "Saura ɗaya, Malam."

Ta ajiye ludayin ta shige ciki. Ran nan ne na gane ita ma tana ƙirga nata watannin, tun ranar ba ta daina ba. Daga nan ni ma na kama. Yaran nan na san su duka. Ɗaya yana acaba a tashar Kusada, shi ke kai ni asibiti bai karɓar ko sisi. Ɗaya yana koyarwa. Ɗaya ya lalace da shaye-shaye, uwarsa na kuka da shi. Ban ce maka nawa da ya zama gwamna ba. Wataƙila da ya zama na kirki, wataƙila da ya sa ni kuka. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba, don ban bar shi ya nuna ba. Mutane na cewa ba wanda aka haifa a ƙasar nan da ban san ranar sunansa ba. Gaskiya ne. Amma akwai kan yaro ɗaya a zuri'ata da askata ba ta hau ba, kuma shi ne na fi tunawa.

Wata shekara a tafsirin azumi malam ya kawo inda aka ce ranar tsayuwa za a tambayi jaririyar da aka binne da rai, da wane laifi aka kashe ta. Ya ce al'adar Larabawan jahiliyya ce. Jama'a na ta a'uziyya suna mamakin rashin imanin mutanen da. Ni kau na kasa ɗaga kai daga tabarma.

Kai ka zo ne shekarar da aka ba Kusada ƙaramar hukumarta, bayan mun fid da rai. Ni na aske ka ranar suna. Uwarku ce ta ce Kyauta za ta riƙa kiranka. Mutane sun ɗauka don an daɗe ana jira ne. Ni na san abin da take nufi, an ba mu na farko mun mayar, aka sake ba mu ba don mun cancanta ba.

Ban nemi gafararta ba sai a ciwon ajalinta, ka ga taurin kai irin nawa. Ta ce, "Ni na yafe tun muna Kankiya. Amma ba ni kaɗai ke da haƙƙin ba, Malam. Kuma ni ma da hannuna na ɗaga ƙwaryar." Ka ji, har ta koma ga Allah tana ɗaukar rabin laifin da nawa ne. Abin da za ka ɗora ma Sa'adatu ke nan. Kai za ka tafi ofis, ita za ta zauna da shi a ɗaki ɗaya. Kuma duk ranar da ta dube ka za ta tuna wanda ya riƙe mata hannu ya kai ta. Mun zauna lafiya da uwarku, ba ta taɓa ɗaga mani murya ba, amma akwai wata dariya da take yi kafin ranar, ban sake jin irinta ba.

Saura kuskure ɗaya, shi kuma bayan na tuba na yi shi. Wani magidanci daga wajen Kunduru ya same ni a gona, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce matarsa ta yi rurrutsa, an ce ina da magani. Na tashi da fartanya a hannu na bi shi da zagi, na kira shi kafiri, na ce in ya sake tako mani gona sai na tara mashi jama'a. Na koma gida ina jin na yi aikin Allah. Ban tambaye shi mi ke cikin rumbunsa ba. Ban tambaye shi ko akwai mai karɓar masu yaye ba. Ban gaya mashi abin da ke gindin tsamiyar da muke tsaye kusa da ita ba, wanda shi kaɗai ya isa. A wannan shekara ba a kira ni aski gidansa ba. Ka ga, hanawa da baki ba ta da wuya, kowa na iyawa. In za ka ce ma mutum kada ya ajiye kaya, sai ka sa kafaɗa ka kama mashi.

Don haka ban aiko maka da haramun kaɗai ba. Ga abin da muka shirya, ni da yayarka. In lokacin yaye ya yi za ta ɗauki Ummi, da ma a al'ada ba uwa ke yaye ba, kuma yarinyar takwarar uwarku ce, ba wanda zai bari ta yi kuka a gidan nan. Akuyar nan ja ta kusa haihuwa, nononta na Ummi ne. In ɗakin Kano ya yi maku ƙunci, Sa'adatu ta zauna nan ɗakin uwarku har ta haihu ta yi arba'in, kana zuwa ƙarshen mako, hanya ce miƙaƙƙiya. In kuma tana son bin ka, ta bi ka, gero da wake za su riƙa iske ku a mota duk wata muddin ina numfashi. Ku riƙa zuwa awo. Bayan ta sauka lafiya, in kuna son ku huta, ku je ku tambayi malami ku tambayi asibiti yadda ake yi tun kafin a samu rai. Wannan shawara ce da ake yi kafin baƙo ya iso. Wanda ya riga ya shigo zaure ba a kora shi.

Ba zan yi maka baki ba, ban taɓa yi ba, ba kuma zan fara da tsufana ba. Kai baligi ne, Kano kuma da nisa, in ka yi niyya ba ni da ƙafar da zan bi ka. Amma kada ka ce ba a gaya maka ba, kuma kada ka zo daga baya ka ce in sa albarka a kai. Na ɓoye wannan magana tun kafin a haife ka, na yi niyyar shiga kabari da ita. Na tone ta yau, na zubar da girmana gaban 'ya'yana biyu, don kada kai ma wata rana ka samu kusurwar da za ka ce ma ɗanka dutse ne a ƙasa.

Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya tsare ka a hanyar dawowa. Allah Ya buɗa maka ta inda ba ka zato, Ya sauki Sa'adatu lafiya, Ya raya Ummi da wanda ke bin ta. Allah Ya jiƙan uwarku, Ya yafe mani, Ya sa wanda ke gindin tsamiya ya yafe mani. Ka riƙe salla a kan lokaci. Yayarka na gaishe ka, ta ce ita ba ta da abin ƙarawa.

Gobe in Allah Ya kai mu, in na idar da asuba, yayarka za ta kai takardar nan tashar Kankiya a ba direba. Ni kau zan sa a ɗora mani buhun gyaɗa a babur in tafi Kunduru, akwai mai ɗan rago fari da aka yaye, mun taɓa maganar musaya. Zan kawo shi in ɗaure a turken ƙofar ɗakin uwarku in fara ba shi dusa, kafin watannin su cika ya isa yanka. In ka shigo ranar Asabar shi za ka fara gani. Daga nan zan sauko da zabira daga inda na rataye ta tun da hannuna ya fara rawa, in fiddo askar da na aske ka da ita, in zauna in wasa ta.